Safar Baba

Ina shekara tara Baba ya kai ni kallon wasan ƙungiyarsu na besbol, ƙwallon da ake jefawa a doka da sanda, a unguwar Hulme. Har la'asar yana kan benci, yana shafa wa safar hannunsa ta fata man kaɗanya, wani yana ta jifan ƙwallo.

Na ce, "Baba, raina ka suka yi?"

Ya yi dariya. "Uwata, ni na ko-ta-kwana ne. Sai hannun wancan ya gaji, abu ya ɓaci, ake kirana."

Aka kira shi kuwa, ya ceci wasan.

Bara ni aka kira daga asibiti, jikin Baba ya tsananta. Na taso daga Birmingham a guje, amma kafin in isa an tashi wasa. Safar na tarar a gadonsa, tana ƙanshin kaɗanya.