Matar da Ta Yi Tagumi

Nasrullahi ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya kife wayar da ke ta ruri a kan tebur. Kwana uku ke nan 'yan unguwarsu, Zangon Maamobi, na damunsa da kira, bai ɗaga ko ɗaya ba. Tun da ya kama ɗaki a unguwar Kokomlemle ya yi sallama da Zango da kwatocinta. In an tambaye shi ma, cewa yake shi ɗan Kanda ne, unguwar manya. Kanda fa!

Yau ne gwajinsa. Darasi ɗaya zai koyar a gaban Hajiya Fulera mai makarantar, in ta gamsu, aikin malamin Turanci ya zama nasa. Ta iso a makare da carbi a hannu, ta zauna can bayan aji.

Ya rubuta kalmar pensive a allo, yana wani karya harshe kamar a Landan aka yanke masa cibiya. Ma'anarta, in ji shi, mutum ya nutse cikin tunani. Daga Faransanci ta shigo Turanci, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai nufin aunawa, wato mai tunani a sikeli yake ɗora al'amura.

Sai ya ɗauki wayar, ya nuna wa ɗalibai hoton da ya ɗauka da safe ta tagar mota. Wata mata ce a bakin rumfar da aka kafa a gefen titi, mayafi ya rufe mata fuska, ta zuba uban tagumi, kujerun roba jere a bayanta.

"Kun gani? Ko jahilan Zango sukan taɓa tunani." Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Sakarai kawai.

Hajiya ta taso ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Ticha, mu a wurinmu in ka ga mutum ya yi tagumi, hannun kake cire masa, ka tambaye shi me ya faru. Ka sauka ka tambaye ta?"

"Haba Hajiya, ni? Cikin wannan ƙazanta? Me ya haɗa ni da ita?"

Ta miƙa masa wayar da yatsu biyu kamar tsumman goge-goge.

"Ɗauki jakarka, babu aiki. Ɗan Kanda! Tun kana yawo ba wando na san ka. Daga rumfar nan na taso yanzu. Tani mai koko ce, uwar da ta haife ka, yau ake sadakar ukun ubanka."