Albarkar Gonar Mishan

Da igiya aka shuka gonar makarantar mishan da ke hanyar Shagari, layi-layi, kamar yadda littafin Bature ya tsara. Sai dai gero bai iya karatu ba. Wuta-wuta ta cinye rabi, ragowar kuma ta fito da zangarniya kamar wutsiyar ɓera.

Malam Bawa, shugaban makarantar, ya rame don fargaba. Baturen mishan ya riga ya gaya masa cewa in gonar ba ta ciyar da yara bana ba, a rufe makaranta. Ga shi kuma zai zo da kansa ranar Lahadin godiyar kaka.

Bawa ya duƙufa da addu'a har gwiwarsa ta yi kanta. Sai damman hatsi suka fara ƙaruwa a bakin rumbu. Kullum da safe sai ya tarar da sababbi, wasu an ɗaure da kaba, wasu da rama. Har da dawa, alhali gero kaɗai suka shuka. Bawa bai tsaya bincike ba, don a ganinsa rashin kunya ne mutum ya roƙi Ubangiji sannan ya tambaye Shi ta ina Ya biyo.

Ranar Lahadi aka jera damman a gaban majami'a, yara suka yi waƙa. Bature ya zo daga Boɗinga a kan babur, ya ga tsibi, fuskarsa ta ƙara ja don murna. Ya yi wa'azi da Hausarsa mai ɗingishi, ya ce ga abin da imani da igiya ke haifarwa, ya kuma tausaya wa manoman garin da ke shuka barkatai cikin duhu. Bawa ya share hawaye, makaranta ta tsira.

Mode, wakilin maigari, yana zaune a kan tabarmar baƙi, yana ta gyaɗa kai. Bature ya ji daɗinsa, ya yi masa albishir cewa baɗi za a koya wa garin duka noman igiya, kyauta.

Mode ya gyara zama, ya yi godiya mai tsawo.

"Ranka shi daɗe, a dai bar mu da namu," in ji shi. "In mu duka munka koyi noman ga naku, wa za shi fidda zakkar da za a kawo muku baɗi?"