Katin Junaidu Manu

Sau uku na'urar tantance masu zaɓe tana ƙin yatsan mutumin. Wannan ba sabon abu ba ne a rumfar. Rabin mazan ƙauyen masu haƙar zinare ne, dutse ya cinye zanen yatsunsu. Tun safe Malama Luba, malamar firamare da aka turo daga Gummi aikin zaɓe a wannan lungu na Bukkuyum, ta cike wa mutum goma sha ɗaya fom, kowa ya jefa ƙuri'arsa lafiya. Ba ta wahalar da su, don ta san hannun mai haƙa kamar yunwar cikinta.

Amma wannan karon ba ta ɗauko fom ba. Ta daɗe tana kallon katin zaɓen da ya miƙo mata. Hoton ya koɗe, jar ƙasa ta maƙale a gefensa. Ta sa bakin mayafinta ta goge shi a hankali.

"Katin ga nau na," in ji mutumin, yana ƙara jawo hula bisa goshi. Ya ce sunansa Junaidu Manu, shekara shida yana cikin rami a Anka. Luba ta dubi tafinsa, sumul kamar na mai tsaron kanti. Ta ce ba zai yi zaɓe ba.

Nan fa rumfa ta kaure. Makau, wakilin wata jam'iyya, wanda tun hantsi yake sauke mutane a babur, ya taso yana kumfar baki. Ya ce na'urar banza ce aka kawo don a hana talaka, kuma baƙuwa ba za ta zo ta raba ɗan gari da haƙƙinsa ba. Da ya ga ko gezau ba ta yi ba, sai ya rage murya ya tuna mata cewa waya ɗaya zai buga ta rasa aikin koyarwarta. Aikin nan shi kaɗai ke ciyar da 'ya'yanta uku. Amma ta cije.

Dattawa suka sa baki, wai ta rufa asiri, ƙuri'a ɗaya ba ta gyara ƙasa. Ta ce wannan ɗayar dai ba za ta shiga akwati ba, ko da za a ƙone rumfar da ita a ciki.

"To ba shi katinai!" in ji Makau.

Ta tura katin cikin rigarta, ta dafe. Makau ya juya ga jama'a yana dariya, ya ce matar da ko hanyar rijiyar garin ba ta sani ba, ina ta san wanda ke Junaidu da wanda ba shi ba?

Luba ta miƙe tsaye, idonta ya yi ja.

"Ranar da rami ya rufta a Anka, hularsa kaɗai aka kawo mini. Wata huɗu da kwana goma na yi ina wa mai katin ga takaba."