Ranar da Joynal Ya Rufe Rumfar Wasa

Sati uku Joynal Mridha yana kwana yana tashi da maganar da Shefali ta yaɓa masa a gaban mai shayi.

Shefali ce mai kula da wasan yaran ƙauyen, har horo ta yi a birnin Barisal. Daga hantsi zuwa azahar, lokacin da iyaye mata ke fama da murhu da wanki, takan tara yara ashirin a wata rumfar kwano, su yi ta kwaɓa laka suna ƙera jirgi da ɓawon kwakwa. Ita dai nata ido, da ƙirga kawuna.

Ran nan Joynal ya tarar da jikarsa Tumpa, 'yar shekara uku, ta yi dumu-dumu da laka. Ya tsinka wa yarinyar mari.

Shefali ta ce, "Kawu, nan ba a dukan yaro. In hannunka na ƙaiƙayi, ga shanunka can."

Masu shan shayi a teburin da ke gefen rumfar suka kwashe da dariya. To, rumfar kuwa a filin Joynal take. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana zuga su.

"Gandamemiyar mace, wai sana'arta wasa. Ko baƙi ɗaya ta koya musu? Ni ma a ɗauke ni mana, na iya tsalle."

Ranar da ya garƙame rumfar, Shefali ta roƙe shi. "Kawu, bari a gama girbi. Hannun mata a cike yake, kududdufai ma a cike."

"Yau kuma babu dariya?" in ji shi, ya jefa makulli a aljihu.

Bayan kwana tara, surukarsa, uwar Tumpa, na turara shinkafa shanshera, matarsa na shanya, kowacce na zaton Tumpa na wurin ɗayar. Kududdufin da ke bayan gidansu taku ashirin ne.

Da aka tsamo yarinyar, uwar ta ce a kira Shefali, an koya mata ceton wanda ya sha ruwa.

"Kada ta tako mini gida," in ji Joynal. Ya ɗora Tumpa a ka yana juyi da ita don ta amayar da ruwan, yadda ya ga kakanni na yi.

Duk da haka Shefali ta zo a guje. Ta daɗe tana danna ƙirjin yarinyar tana hura mata iska a baki, amma rai ya riga ya yi halinsa, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ƙarfe goma ne, Kawu. Da yanzu tana wurina."

Jama'a, mai tsaron wasan yara rayukansu take tsaro, kada ku raina aikinta. Kuma duk wanda ya tashi ramuwa, ya fara duba wa zai biya a cikin gidansa.