Hannun Sa'adiya

Murja ta kara hoton a jikin taga, don tun safe babu wuta a asibitin, ta dube shi ta ja dogon tsaki. Ƙashin hannun wata yarinya ne, Sa'adiya, 'yar shekara shida. Ya karye, wani ya ja shi ya karkace, sannan ya ɗaure shi da siminti tamau kamar bakin buhu. Hannun kuwa ba ya buƙatar hoto. Ya kumbura, ya yi baƙi, warinsa ya kori mai shara daga ɗakin.

Murja ce mai ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Gwarzo, tana kuma ƙaro karatu a Kano. Bincikenta a kan ɗorin da ya lalace ne. Lokacin tsuke bakin aljihu ake ciki, fim ɗin hoto sai ta raba ɗaya gida biyu, amma a haka ta tara hotunan yara birjik daga Kutama da Garo da Unguwar Tudu.

Da farko ta zaci aikin tsofaffin masu ɗori ne. Ina! Su da karansu da tsummansu, in sun ga kumburi sukan sassauta. Wannan sabon hannu ne, mai bandeji da siminti da rabin ilimi. Ya ji yadda ake jan ƙashi, bai ji yadda jini ke tafiya ba. A ƙauyuka "Likita mai babur" suke ce masa.

Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne iyayen yaran. Da ta tambayi sunansa sai kowa ya sunkuyar da kai, ya shiga wasa da bakin riga. "Ƙaddara ce, Hajiya." Ƙaddara! Ka kawo ɗanka hannu na ruɓewa, sannan ka rufa wa azzalumi asiri? Wallahi wani lokacin wannan shirun ya fi warin damunta.

A gida kaɗai take samun mai saurarenta. Maigidanta Zayyad, tun da rage ma'aikata ya rutsa da shi, kayan koli yake bi da su kasuwannin ƙauye. Bawan Allah, bai taɓa ƙyashin karatunta ba. In ya dawo da la'asar sai ya zauna a tabarma, ita kuma ta mai da shi ɗalibi, tana gwada bayanin da za ta yi a gaban malamanta. Ga tambaya kamar ɗan jarrabawa. Ranar da ta ba shi labarin yarinyar nan, ture kwanon tuwo ya yi ya fita. Ta bi shi da kallo ta ce a ranta, ashe har yanzu akwai masu tausayi.

Washegari aka yanke hannun Sa'adiya daga gwiwa.

Murja ta tarar da uban, Malam Datti, a gindin darbejiyar asibiti. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Malam, Shari'ar nan da muka yi ta kabbara da aka ƙaddamar, ta ɓarawon akuya ce kawai? Hannun 'yarka yana da diyya. Ka kai ƙara gaban alƙali. Ni zan zo da hotunan duka, in yi shaida."

Datti ya gyara zama.

"Hajiya, kin tabbata?"

"Na rantse da Allah. Ko wane ne, ko ɗan gidan uban wane ne."

Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya tashi ya tafi kotu. Bai faɗa mata sunan ba, ita kuma takaici ya hana ta sake tambaya. A gaban alƙali ai za ta ga ƙazamar fuskarsa.

Magana ta bazu. Iyayen da suka yi gum a da suka fara turo saƙo cewa su ma za su zo. In ta ratsa ɗakin mata sai hira ta tsaya cak, a bi ta da ido. Ta ɗauka girmamawa ce, ta ƙara ɗaga kai. Hotunan ta jera su cikin ambulan, kowanne da bayanin da zai sa alƙali ya gane ɓarnar ko bai taɓa ganin ƙashi ba.

Ranar da za a shiga kotu, ta biya ta duba Sa'adiya. Yarinyar na barci, dungulmin a naɗe da farin ƙyalle. Kakarta Marka, tsohuwa mai goro a baki, ta kama hannun Murja ta riƙe gam.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Mun zage ki a ɓoye, ki yafe mana. Mun ɗauka bakinku ɗaya. Wallahi ba kowace mace ce za ta iya abin da za ki yi yau ba."

"Haba Inna, faɗin gaskiya ne abin wuya?"

"A kan uban 'ya'yanki? Da wuya mana. Mu ma ai don ke muka miƙa masa hannun yarinyar, da ya ce ke kike koya masa kullum."