Tsagar Gungumen Mahauci

Tunda ka ce gyaran nan zai iya jira sai bayan kaka, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mahauci da ya gaji gungumen ƙirya daga mahaifinsa, irin wanda ake sara nama a kai. Tsohon ba ya barin kasuwa sai ya kankare fuskar gungumen da wuƙa, ya goge ta da gishiri, ya bar ta ta sha iska, in kuma ya ga itacen ya fara ƙeƙashewa ya shafe shi da man gyaɗa. Shi ɗan yana ganin wannan duk wahalar tsofaffi ce. Ruwa yake watsawa, ya jefa buhu a kai, ya kama hanyar gida. Da rani ya tsananta sai gungumen ya tsage a tsakiya, 'yar tsaga wadda ko farce ba ya shiga. Ya gan ta, ya ce sai gobe. Jini da kitse suka yi ta sulalewa ciki, goben kuwa ba ta zo ba. Rannan maƙwabcinsa ya shirya walima, shi ya daddatsa masa naman a kan gungumen, unguwa duka ta ci, har da ƙaramar 'yar mahaucin. Washegari gidaje suka cika da amai da gudawa. Yarinyar ta kwanta, idanunta suka faɗa, aka ɗauke ta zuwa asibiti. Mutane suna cewa ruwan rijiya ne, shi kuwa hankalinsa ya koma kan tsagar nan. Ya tafi rumfa, ya zura bakin wuƙa cikin tsagar, ya fito da wani baƙin abu mai ɗoyi, tsutsotsi farare suna motsi a ciki. Daga nan duk kukan da ya tashi a unguwa sai ya ɗauka daga gidansa ne, duk mai kaki da ya doso rumfar sai ya ce duba-gari ne ya zo.

Ya kira masassaƙi. Masassaƙin ya sa gizago ya fara sassaƙe fuskar gungumen, ya cire sama, ƙasa baƙi ne, ya ƙara cirewa, baƙin sai faɗi yake yi. Mahaucin na tsaye, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Har yanzu?" Masassaƙin bai ɗaga kai ba ya ce, "Abin da ka gani a sama bakinsa ne kawai." Sai da aka zubar da kusan taƙi guda na itacen kafin jan ƙirya mai kyau ya bayyana. Suka goge da gishiri, suka shanya a inuwa, suka ba shi mai har ya ƙoshi. Yarinyar ta tashi da kyar bayan ƙarin ruwa. Amma tsohuwar gidan maƙwabcin, da ita ma ta kwanta, ba ta tashi ba. Ba wanda ya zargi mahaucin, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Da shi aka ɗauki makara, kansa a sunkuye, ya kasa haɗa ido da maƙwabcin. Ko naman ne, ko ba shi ba ne, bai sani ba, kuma babu mai iya faɗa masa. Har ya tsufa, in ya miƙa wa mutum nama sai ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.