Kafin Jirgin Kotor

Budimir ya sake gyara madubin motar, ba don hanya ba, don ya ga 'yarsa. Teodora tana kujerar baya kusa da uwarta, ta toshe kunnuwa da waƙa, ta jingina goshi da gilashi. Tun da suka baro Podgorica, ban da "na gode" da "ba komai" babu abin da ya haɗa su.

Jirgin ruwan yawon buɗe ido da ke jira a tashar Kotor na uwa da 'ya ne. Shi rabonsa hanya. Haka Zorka, uwar yarinyar, ta tsara, shi kuwa bai isa ya ja da ita ba. Abu ɗaya yake nema kafin su hau jirgin nan: yarinyar ta dube shi ta yi masa magana irin ta 'ya da uba, ko da kalma biyu ce. Shekararta goma sha huɗu, ta kwaso goshinsa da taurin kansa kaf.

Shi ya sa ya bi da su ta doguwar hanya. A gadar kogin Tara ya tsaya, ya nuna mata kogin can ƙasa, kore shar, ya ce a nan ya koyi iyo. Ta ce, "To." Ta miƙa masa wayarta ya ɗauke su hoto ita da uwarta. Na farko bai fito ba, sai da ya maimaita.

A garin Žabljak ya sa aka kawo musu priganice, wani irin fanke, da zuma da cuku, abin da take birgima a ƙasa a kansa tana ƙarama. Ta ci biyu ta ture farantin. Shi can wani tebur ya koma, wai kada hayaƙin sigari ya dame su. Wane sigari, ko ashana bai ƙyasta ba. Zama ya yi yana kallon yadda take riƙe cokali da hannun hagu, kamar shi.

Washegari suka hau dutsen Ostrog. Teodora ta bi layin masu ziyara ta shiga majami'ar da ke cikin dutse, Zorka kuwa ta same shi a jikin mota.

"Budo, tun safe nake ganin bakinka yana motsi. Ka tuna alkawarin da ka yi mini."

"Na tuna."

"To ka riƙe shi. Hankalinta a kwance yake, kada ka dagula mata lissafi. Ni na san wuyar da na sha."

"Kallonta ma laifi ne?"

"Irin wanda kake yi, laifi ne."

Ta fi shi gaskiya, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai.

Daga ƙauyen Njeguši hanya ta fara gangarowa, kwana bayan kwana, hagu dutse, dama rami. Can ƙasa ga tekun, ga jirgin fari fat, ya kusa fin garin girma. Budimir ya rage gudu har motocin baya suka dame shi da oda, ya yi kunnen uwar shegu da su.

A wata kwana mai tsanani Teodora ta zare abin jin waƙa daga kunnenta.

"Kai ba ka jin tsoron hanyar nan?" ta tambaya, da karyayyen harshen yaran da suka tashi a ƙasar waje.

Magana cike da bakinsa, ta shekara da shekaru, duk ta taso lokaci guda. Ya ɗaga kai, sai ya yi arba da idon Zorka a madubi.

"Na saba," ya ce.

Ta mayar da abin kunnenta. Shi ke nan, an wuce wurin.

A bakin tashar ya sauke akwatuna ya jera su. Zorka ta ba shi hannu a gurguje. Teodora ta ɗan gyaɗa kai, ta ja akwatinta, suka shiga layi. Ya tsaya yana kallon ƙeyarta, ya san ba lallai ya sake ganinta ba.

Sai ya yi abin da tsohuwarsa take yi duk ranar da wani nasu zai yi nisa. Ya ɗauko gorar ruwa a mota, ya bi bayansu, ya tsiyaye ta a ƙasa, don tafiya ta gudana kamar ruwa, mai tafiya ya dawo gida. Ba a yi wa baƙo wannan, sai jininka.

Ruwan ya gangara ya taɓa takalmin yarinyar. Ta juyo. Ta gan shi tsaye da gora ba komai a ciki, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska. Karo na farko ta tsaya ta dube shi sosai, ta daɗe tana dubansa.

Ta taɓa hannun uwarta, ko murya ba ta rage ba.

"Mama, direban nan da kika ɗauko mana lafiyarsa kuwa? Bari mu shiga in kira Baba in ba shi labari."